Karyar da Mama Ta Karɓa

Corinne: Alo, Mama? Ina kwana?

Lorraine: Lafiya lau, Corinne. Ya jikokina?

Corinne: Suna makaranta. Ya gwiwar?

Lorraine: Tana nan inda na bar ta. Ya mijinki Garrett da aiki?

Corinne: Lafiya lau, yana gaishe ki. An yi ruwa a gona?

Lorraine: Ɗan yayyafi, bai jiƙa komai ba.

Corinne: To, Mama, maganar karen da za mu saya ce. Mun tsaya a kan baset, mai dogayen kunnuwan nan. Asabar za mu ɗauko shi, ya saba da gida kafin ki tare wajenmu a birnin Regina.

Lorraine: Me ya sami kunnuwanki?

Corinne: Kunnuwan kare! Ki matsa kusa da taga, layin yana yankewa.

Lorraine: Oho, gajeren nan da yake wuni kwance a kan kafet. Ni ai koli na ce.

Corinne: Koli karen kiwo ne, Mama, sai da fili. In bai yi gudu ba, kujeru zai cinye mana. Baset kuwa ba zai fizge ki ya kayar ba.

Lorraine: Wato kin haɗa mu, ni da shi, ki ajiye a lungu ɗaya.

Corinne: Haba Mama, ba haka... Tsaya. Haushin kare nake ji?

Lorraine: Rediyo ne.

Corinne: Rediyo yana haushi?

Lorraine: Juniper, sauka daga kujerar nan! Sauka na ce!

Corinne: Wace ce Juniper?

Lorraine: Karyata. Koli, baƙa da fari, shekararta biyu. Maƙwabcina Arvid ya sayar da tumakinsa, zai kai ta gidan ajiye karnuka. Na tare motarsa a bakin ƙofa, na ce ya sauke min ita.

Corinne: Wayyo Allah! Ina za mu sa ta?

Lorraine: Ba inda za ku sa ta. Da bakinki kika ce sai da fili. To ga fili nan, eka ɗari da sittin.

Corinne: Mama, gonar da za a sayar? Ai mun gama wannan maganar.

Lorraine: Kun gama, ke da mijinki, ni ina zuba muku kofi. Jiya na kira dillalin, na ce ya zo ya cire allonsa daga bakin hanyata.

Corinne: Kin manta Fabrairu? Awa uku kina kwance cikin ƙanƙara a bakin rumbu kafin a gan ki. Ni aka kira, Mama. Na tuƙo motar nan ban san ko da rai zan same ki ba.

Lorraine: Ban manta ba, ’yata.

Corinne: To?

Lorraine: To tun da babanki ya rasu ban taka bayan rafi ba. Yau da safe na je na dawo da ƙafata. Juniper tana gaba, tana waiwayena.

Corinne: In kin sake faɗuwa fa? Karya za ta kira asibiti?

Lorraine: Agogon nan da kika saya min, mai kiran asibiti in mutum ya faɗi, na fito da shi daga kwali na ɗaura. Wannan na yarda. Amma gidana ban bari.

Corinne: Yara har sun yi wa ɗakinki fenti.

Lorraine: Ku sayi baset ɗinku ya kwana a ciki. Asabar ki kawo min yaran, kowa da takalmin taɓo.

Corinne: Mama, ba fa mu gama...

Lorraine: Ni na gama. Kai, ta shiga cikin kaji! Juniper!

Corinne: Mama, kar ki yi gudu! Mama? Alo?