Ranar Da Na Kalli Baba Cikin Ido

'Yan'uwana, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Rifkatu, daga wani ƙauye ta wajen Zandam. Na rubuto shaidar nan ne domin in na ce zan faɗa da ka, kuka zai ci ƙarfina. Ku yi haƙuri da muryata.

Ina aji huɗu a sakandare sanƙarau ya kama ni, da zafin bara. Allah ya tashi kafaɗata. Amma ranar da na sauko daga gadon asibiti na taka ƙasa, sai ƙasar ta zame mini. Ƙafafuna da ƙarfinsu, amma da na miƙe sai bango ya karkace, sai dai in gan ni a kwance. Likita ya ce ciwon ya taɓa wani abu can cikin kunne, abin da ke gaya wa jiki nan ne sama, nan ne ƙasa.

Aka mayar da ni gida, ɗakin Inna ya zama iyakar duniyata. Aka yi shuka, aka yanke gero, ina kan tabarma ɗaya. Ko bayan gida sai Inna ta riƙe ni. Budurwa kamar ni! Ina jiyo manyan motoci suna wucewa kan sabon titi, kowa yana da inda za shi. Ƙawayena sun koma makaranta. Kakata, wadda ba ta karɓi bishara ba, ta ce iska ce ta hau ni, a kira mai garaya. Baba ya ƙi. Ni kuwa ko addu'a ta daina fita daga bakina.

Sai aka ce a kai ni sashen gashin ƙashi a asibiti, a Birnin Kudu. Mai aikin wani dattijo ne Musulmi mai furfura, Malam Sule. Yakan tsayar da ni tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu, ya tsaya a gabana don ya tare ni, ya ce, "Saki ƙarfen, ki taho."

To kun san yadda aka rene mu. Yarinya ba ta ɗaga kai a gaban babba. Kaina yana ƙasa, in saki ƙarfe, in kife.

"'Yata, me kika yar a ƙasan nan?" in ji shi. "Kullum nema kike. In allura ce, an share ɗakin da safe."

Ya ce, "Kunnenki ya ajiye aiki. Saura ido da tafin ƙafa, su za su riƙe ki. Ki kafa ido a kan abu ɗaya da ke gabanki, kada ki ɗauke."

Abin da ke gabana kuwa fuskarsa ce. In na ɗago na ga gemunsa, sai wuyana ya koma da kansa. Inna ma, tana riƙe da bakin zanina ta baya, ta ce, "Malam, ba haka muka koya mata ba."

Muka yi ta zuwa a banza, motar kasuwa tana sa ni amai zuwa da dawowa. Ran nan, muna kan hanyar zuwa asibitin, a tashar Gwaram Baba ya ce wa Inna, "Wahalar da ita kawai muke. Daga yau mun bari." Na ji shi sarai. Na san in muka koma gida, ni da tabarmar nan har mutuwa.

Da aka tsayar da ni tsakanin ƙarafan, na ƙanƙame su. Na ce a zuciyata, "Yesu, na gaji da ɗakin nan. Ban san yadda zan yi ba. Ka ɗaga mini kaina!"

Ban gama ba sai Baba, wanda bai taɓa cewa uffan a ɗakin ba, ya miƙe daga benci. Ya ce, "Malam, ɗan matsa." Ya tsaya inda Malam Sule ke tsayawa. Ya ce wa Inna, "Saki zaninta."

"Za ta faɗi!"

"Saki."

Sannan ya ce, "Rifkatu, ni na haife ki, ni na hana ki kallon manya. Yau na sa ki. Kalle ni."

Jama'ar Allah, tun da na yi wayo ban taɓa tsayar da ido a fuskar ubana ba. Na ɗago. Ashe yana da tabo a gefen gira. Ashe idonsa ya cika da ruwa. Na riƙe idon nan da nawa, bango ya so ya karkace, na ƙi ɗaukewa. Na saki ƙarfe. Na taka. Na sake takawa. Sai na ji goshina a ƙirjin rigarsa.

Malam Sule ya ce, "Alhamdu lillahi!" Inna ta ce, "Halleluya!" ta zauna a ƙasa tana kuka.

Ba ranar na warke ba. Mun ci gaba da zuwa, na yi tafiya a kan siminti, a kan katifa, a kan yashi, na sha faɗuwa. Har yanzu tsoro bai sake ni ba, kuma in duhu ya yi ba na fita. Amma yau da ƙafata na zo majami'a, ba wanda ya riƙe ni. Godiya ga Ubangiji!

Kai da kake kulle a naka ɗakin, ka kira shi, ko da kalma ɗaya ce ta rage maka. Yana ji.

Roƙo ɗaya nake da shi. In Fasto ya ce mu miƙe mu rufe ido mu yi addu'a, ni nawa a buɗe za su zauna, don in na rufe zan faɗi. Ku rufe naku, ku sa ni a ciki. Ni ina tsaye. Amin.