Kapitan a Tabkin Dogarawa

A tashar Ƙonni ne, da damanar 1988, ana jiran motar Malbaza ta cika. Wani ɗan kasuwar albasa ya juya wajen tsohuwar da ke gefensa a benci.

"Inna, kin ji Maikano Kapitan na Dogarawa ya rasu?"

"Ban san shi ba, ɗana. Allah shi jiƙan shi."

"Amin. Amma mutumen nan ya ishe mu da cika baki! Wai shi sojan ruwa ne zamanin Faransa, wai daga baya shi ke jan jirgin kamun kifi a Abijan, har da ma'aikata ƙarƙashinai. Kin san inda ya ƙare? Tabkin bayan gari, inda shanu ke sha! Duk tekun nan da ya dame mu da ita."

"Mi ya kai tsoho cikin tabki?"

"Wata ɗiya ce ta zame wurin wanki. Ya tuɓe riga ya faɗa, sai ka ce saurayi. Ya turo ta gaɓa, shi bai fito ba."

"Ɗiyar ta rayu?"

"Ta rayu."

"To, babu maza ne a garin naku?"

"Akwai mana! Ruwa ne ya cika, ga laka. Sai da na ce mishi, 'Baba, dakata a kawo igiya.' Ko dubana bai yi ba."

"Ashe kana wurin."

"Ni... ni na riƙe mishi rigar."

Tsohuwar ta dube shi daga hula har takalmi, ta ja ƙunshin kayanta zuwa ƙarshen benci.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ba don kai ba, da rigar ta jiƙe."