Sai da Benci Ya Karye

Shugaban taro, babanmu Fasto da Mama, dattawan ikilisiya, zumuntar mata, mawaƙa, matasa, da dukan 'yan'uwa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Na gode da damar da kuka ba ni. An ce in yi magana a kan zumunci, amma ku yi haƙuri, ba daɗin baki na kawo muku ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na farko, ku dubi bencin can mai ƙafa uku da aka jingine a bango. Baba Kafinta ne ya yi shi, shi ya yi waɗanda kuke zaune a kai. Shekara talatin yana zama a layin ƙarshe, gefen taga. Lahadi bakwai ba ya nan. Bakwai! Mun yi waƙa, mun tafa, mun gaisa da na kusa da mu, mun yi zama biyu muna gardama a kan launin labule, ba wanda ya waiwaya ya ce, "Ina Baba?" Sai da bencin nan ya kayar da mai sanarwa muka tuna da shi.

Na biyu, kada ku ce ina wanke kaina, ni aka aika in kira shi gyara. Na same shi kwance, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, 'yarsa kaɗai ke juya shi. Yana ganina ya ce mata, "Ban gaya miki ba? Ikilisiya ta zo. Shimfiɗa tabarmi, sauran suna tafe." Ta shimfiɗa har uku. Jama'a, ni kaɗai ce, kuma saƙon benci ne a bakina! Na yi ta kame-kame, amma tsoho ya gano ni. Ya dube ni ya ce, "'Yata, wanne ne ya karye? Ku kawo shi, hannun dama yana aiki."

Haba, 'yan'uwa! Mun san aikin hannun mutum, ba mu san halin da mai hannun yake ciki ba. Na ji kunya, kuma har yanzu haushi nake ji, haushin kaina da haushinku.

Na uku, kada wani ya miƙe ya ce a kafa kwamiti. Kwamiti nawa gare mu? Zumunta a ƙafa take. Yau kwana huɗu ya hana a naɗe tabarmin nan, har ya fara tambayar 'yarsa ko laifi ya yi mana. Ana tashi, gidansa zan nufa. Mai zuwa ya biyo ni. Benci kuwa a bar shi inda yake.

Ubangiji ya gafarta mana, ya ba Baba lafiya, ya ƙarfafa 'yarsa, ya albarkaci taron nan. Ya sa tabarma uku ta yi mana kaɗan yau.

Na gode.