Faifan Jiran Tebur

A ƙofar wani gidan abinci a Boston, Noreen ta zube a benci kusa da wani dattijo, keken jaririyarta a gabanta.

"'Yata, baƙuwa ce ke?" in ji dattijon.

"Ina fa, baba! Nan aka haife ni. Sai yau na bi jan layin nan na ƙasa da baƙi ke bi, wai in nuna wa 'yata Tessa tarihi."

"Me kuka gani?"

"Bulo! Kaina na ƙasa don kada mu ɓace. Coci uku na wuce ban ɗago ba. Ita kuwa kuka tun safe."

"Ga ta tana barci abinta."

"Sai da na ba ta faifan nan da masu gidan abincin suka ba ni, mai girgiza idan tebur ya samu..."

Ta ɗaga bargo. Faifan na ta ɓari a kan cikin yarinyar.

"Ai tuni sun ba wasu teburinku. Kawo in je in roƙa miki."

Ta cafke hannunsa. "Kada ka taɓa, baba! Gara in kwana da yunwa. A ina ake sayar da irinsa?"