Tela a Zaune, Direba a Tsaye

A ɗakin jiran likita, wani tela ya baje kan benci yana murmushi. Kusa da shi wani direba ya jingina da bango.

"Malam, ga wuri," in ji telan.

"Na gode, tsayuwar ta fi mini."

Telan ya ƙyalƙyale da dariya. "Tsagewar dubura ce, ko? Na sha irin tsayuwar nan. Yarana sun ɗauka sauri ke sa ni cin abinci a tsaye."

Direban ya rage murya. "An ce sai aiki. Tsorona kada a yanka in kasa riƙe bayan gida, ga fasinja cike da mota."

"Ai ba da ka suke yankan ba, sai sun gwada ƙarfin tsokar wurin. Likita ya ce, 'Matse!' Na matse har ya roƙi in sakar masa yatsa. Kaɗan suka taɓa, ga ni garau."

"Da zafi?"

"Bai kai wanda ka sha yau da safe ba."

"Wayyo, daina ba ni dariya, bawan Allah!"

Aka kira direban. A bakin ƙofa ya waigo. "In ya ce matse, da ƙarfi?"

"Kamar akuya ta gitta ka taka birki!"