Ranar da Na Yi wa Injin Duba Ido Kiɗan Tulu

'Yan'uwana cikin Ubangiji, iyaye da 'ya'ya da jikoki, ina miƙo muku gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe hannuna har zuwa yau.

Ni ce Saratu ta nan Tudun Wada, wadda kuke kira Mama Mai Tulu, don tun wasunku suna goye nake buga tulu a zumuntar mata ta coci. Ban taɓa zama a aji ba. Ina faɗa ne, 'yata Rifkatu malamar makaranta tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, ko a inda zan ji kunya.

Ku saurara, zan fara daga uwata.

Uwata ta makance ina matar aure. Idonta garau, babu yana, babu ja, in ka kalle ta ka rantse tana kallonka. Mutane suka ce jifa ne. Aka zaunar da ita a ƙuryar ɗaki, aka karɓe muciya daga hannunta, aka karɓe jikoki daga cinyarta don kada ta yar da su. Haka ta zauna har Ubangiji ya kira ta. Tun ranar na ce a raina, ni ba za a zaunar da ni ba.

Kwanci tashi, ni ma tsufa ya zo. Sai na fara buge kafaɗata ta hagu da bakin ƙofa. Na ce ƙofar ce ta yi ƙunci. Wata Lahadi matar fasto ta miƙo mini hannu ta gefen hagu, na wuce ban gan ta ba, aka fara cewa Mama Mai Tulu ta koyi girman kai. Abin da ke gabana ina ganinsa sarai, har zare ina sa wa allura. Amma gefe da gefe, duniya tana ta tsukewa, kamar mai leƙe ta bakin tulu.

Na faɗa wa wani? Ko kusa! Duk wanda ya ce, "Mama, ya jiki?" sai in ce, "Lafiya lau, cikin sunan Yesu." Na ɗauka bangaskiya ke nan, cewa mai bin Yesu ba ya furta ciwo da bakinsa. Ashe tsoro ne na lulluɓe da sunan Ubangijina. Allah ya gafarta mini!

Ga abin da ya ƙara mini tsoron. Jikata Hannatu, wadda na rena tun uwarta ta rasu, tana ɗauke da cikin fari. Duk jaririn da aka haifa a gidanmu ni ce nake masa wankan farko, ni nake gasa cibiya. Na ce in suka san idona yana tafiya, za su karɓe mini wannan ɗan kamar yadda aka karɓe wa uwata.

Ana nan, ana nan, wata safiya Hannatu ta zo gaishe ni, Rifkatu ma tana gidan. Na sauke tukunyar ruwan zafi daga murhu na juya hagu. Ashe Hannatu ta jawo kujera ta zauna a nan. Sai ihu na ji. Ruwan ya zubo a bakin zanenta da ƙafarta. Allah ya tsare, bai kai cikin ba.

Na ce tsumma ne ya suɓuce mini.

Rifkatu ta shafa wa yarinyar magani. Sai da Hannatu ta tafi, sannan Rifkatu ta zo ta tsaya ta hagu da ni, ta ce, "Mama, yatsu nawa na ɗaga?"

Na juya kaina gaba ɗaya na ce, "Uku. Ni za ki yi wa jarrabawa? Ki bar wa 'yan ajinki."

Ta ce, "Mama, sai da kika juya. Jibi za mu asibitin ido."

To, muka je. Ni kuwa na tafi da niyyar in ci jarrabawa in dawo gida.

Wadda ta karɓe mu wata 'yar budurwa ce mai farin hijabi, sunanta Malama Zainab, ita ce mai gwaje-gwaje kafin a ga likita. Ta ce, "Inna, kina karatu?" Na ce ko sunana ban sani ba a takarda. Ta ce, "Ba komai, mun tanadi naku." Ta nuna mini wani allo daga nesa, cike da wani abu mai haƙora uku kamar matajin kai. Wani haƙoransa sama, wani ƙasa, wani gefe. Ta ce in nuna da hannu inda suke kallo. Kai, mutanen nan sun yi tunani! Har da mu marasa boko suka tuna. Na yi ta nunawa har na kai ƙananan. Na kalli Rifkatu na ce, "Kin gani? Ki rubuta mini sakamako."

Daga nan aka sa ni gaban wani inji ya hura mini iska a ido, fuf! Na zabura na ce, "Yesu!" Malama Zainab ta yi dariya ta ce, "Inna, gaisuwa ce kawai, yana auna ƙarfin ruwan da ke cikin idon." Amma na lura da ta duba abin da injin ya nuna, dariyarta ta ragu.

Sai ta kai ni wani ɗaki mai duhu-duhu. A nan na ga wani inji kamar babbar farar ƙwarya da aka jingine a gefe. Ta ɗora haɓata a bakinta, ta rufe mini ido ɗaya, ta damƙa mini wani abin dannawa a hannu. Ta ce, "Inna, ki kafa ido a kan ɗan hasken nan na tsakiya, kada ki juya. Wasu 'yan fitilu za su riƙa ƙiftawa can da can. Duk wanda kika gani, ki danna. Wanda ba ki gani ba, ki ƙyale shi."

Ba juya kai! Dabarar da nake rayuwa da ita ke nan aka hana ni.

Aka fara. Na ga ɗaya, na danna. Na ga wani, na danna. Sai shiru, fari fat, babu komai. Amma kunnena yana jin injin yana motsi a ciki, ƙir, ƙir, kafin kowane haske. 'Yan'uwa, wadda ta shekara da shekaru tana bin waƙa da tulu, a gaya mata lokacin bugu? Na kama kiɗan injin nan tsaf. Ƙir, in danna. Ƙir, in danna. Har ƙafata tana taya ni a ƙasa. Aka gama ido ɗaya, aka koma ɗayan, ban kuskure bugu ko ɗaya ba.

Takarda ta fito. Malama Zainab ta dube ta, ta dube ni. Sai ta ce wa Rifkatu, "Anti, don Allah ki samo wa Inna ruwan sha a waje."

Da muka rage mu biyu ta jawo kujera kusa da ni, ta yi ƙasa da murya. Ta ce, "Inna, ke mawaƙiya ce?"

Na ce, "Tulu nake bugawa a coci. Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Injin. Bisa takardar nan kin fi ni gani, kin fi likita. Har fitilar da ba a kunna ba kin gani."

Ashe wanda ya ƙera injin nan ya san halin ɗan Adam. Wani lokaci yakan yi motsin kawai ba ya kunna komai, don ya ji ko za a danna. Kuma yana ƙirga duk wanda aka danna a banza. Ni da na zo in yaudari ƙarfe, ƙarfe ya kama ni da rana tsaka! Na sunkuyar da kai. Ga furfura, ga ƙarya, gaban 'yar da na yi jika da ita.

Amma yarinyar nan ba ta kunyata ni ba. Ta ce, "Ba ke ce ta fari ba, Inna. Zo, akwai wanda ba ya tambayar kowa komai."

Ta kai ni gaban wani injin. Na kafa goshi, wani haske ya walƙa, shi ke nan. Ta juyo da allon kwamfuta ta ce, "Ga cikin idonki, can baya."

Ya Allah mai iko! Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Wata da'ira ja-ja kamar rana in za ta faɗi, da 'yan jijiyoyi sun bazu kamar saiwar gero, kowace da hanyarta, babu wadda ta hau kan wata. Wannan duk a cikina yake tun ina cikin uwata, ni ban sani ba! Wanda ya shimfiɗa su ya san adadinsu. Ya kuma ba 'yan Adam hikimar leƙa wurin ba tare da wuƙa ba, ba tare da ɗigon jini ba.

Ta nuna wani ɗan wuri mai haske ta ce, "Nan ce jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Ta mai lafiya kamar kwanon tuwo ce cike. Dubi taki ta hagu." Na duba. An kwashe tsakiyar, saura baki-baki. Ta ce, "Ta dama da sauranta, ita muke so mu tsare. Amma hoton yana nuna mana jijiya ne kawai. Abin da kike gani da ita, ke kaɗai za ki faɗa. In ba ki faɗi gaskiya ba, likita zai yi aiki da rabin labari."

Sai aka kira sallar azahar. Ta ce, "Inna, zan je in yi salla. Ke ma ki gana da Ubangiji, in na dawo mu sake."

Na zauna a kan benci a baranda, mutane suna ta wucewa. Rifkatu ta kawo ruwan, na ce ta ba ni wuri. Na rufe fuska da gyale. Ban iya doguwar addu'a ba ranar. Na ce, "Yesu, ka ga bayan idona tun kafin injin ya gani. Na yi ƙarya da sunanka. Na ce lafiya lau alhali ina tsoro. Na kusa ƙona Hannatu da ɗan da ke cikinta saboda taurin kaina. Ko za a zaunar da ni a ƙurya kamar uwata, ka ba ni ƙarfin riƙe wannan yatsa."

Na yi kuka, na share. Sai na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji.

Muka koma gaban ƙwaryar. Ƙir. Ban ga komai ba. Babban yatsana yana ƙaiƙayi, na danne shi da sauran. Ƙir. Babu. Ƙir. Babu. Kai, shirun nan ya yi tsawo! Malama Zainab tana bayana tana cewa, "Haka ne, Inna. Haka nake so." A duk rayuwata ba a taɓa yaba mini don na ƙi buga kiɗa ba sai ranar.

Takarda ta biyu ta fito. Ta idon hagu baƙa kamar gindin tukunya, saura ɗan fari a tsakiya. Ta dama baƙin ya ci gefe, amma farin yana da yawa. Ni da kaina na miƙa wa Rifkatu na ce, "Ga gaskiyar uwarki." Ta rungume ni a gaban mutane.

Likita ya jera hoton da takardar ya ce hawan jinin ido ne. Ruwan cikin ido ne ke taruwa yana danne jijiya a hankali, babu zafi, daga gefe yake ci. Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma abin da ya rage za a iya tsarewa da maganin ɗigawa kullum, da zuwa awo a kan lokaci. Ya tambaya ko wani ya makance a danginmu. Na ce uwata. Ya ce yana bin jini, 'ya'yana duka su zo a duba su. Ashe ba jifa ba ne! Uwata ta zauna a duhu, ana zargin maƙwabta, don a zamaninta babu mai leƙa mata bayan ido.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni ƙarya. Na ce, "Likita, zan iya yi wa jariri wanka?"

Ya ce, "Mama, jaririn a gabanki zai kasance ko a bayan kunnenki?"

Na ce, "A gabana."

Ya ce, "To ki wanke abinki. Ruwan zafi dai wani ya ɗauko."

Halleluya! 'Yan'uwa, Hannatu ta sauka lafiya, mace, an sa mata suna Godiya. Ranar wankan farko Rifkatu ce ta ɗauko ruwa, ta ajiye ta dama da ni, ta faɗa da ƙarfi, "Mama, ga ruwa a damanki." Hannatu daga kan gado ta ce, "Tsohuwa, a bar mini ƙafa ɗaya dai!" Muka yi dariya har da hawaye. Aka ɗora mini yarinyar a cinya. Na ga fuskarta. Na ga 'yan faratanta. Na ga wani ɗan baƙin tabo a ƙasan kunnenta, daidai inda uwata take da nata.

Ban zo in ce muku idona na hagu ya buɗe ba. Bai buɗe ba, kuma na daina faɗin abin da ba haka ba. Abin da Ubangiji ya yi mini shi ne ya kwance ni daga tsoro da ƙarya, ya tsare mini hasken da ya rage. Ya yi shi ta hannun masu ilimi, da injinan da ya ba su basirar ƙerawa, da wata 'yar Musulma mai tausayi. Allah ya yi mata albarka, ita da iyayen da suka tarbiyyantar da ita.

Ku tsofaffi 'yan'uwana, musamman ku na zumuntar mata, na san irinmu. In ƙofa ta fara buge ku, ku je a duba. Ku dogara ga Yesu, ku kuma faɗi gaskiya, don ba ya jin kunyar ciwonmu. Wanda ya miƙo mini hannu ta hagu na wuce shi, ya yafe mini, ya zagayo ta dama.

Tulu kuwa ina nan ina buga shi kowace Lahadi, da ƙarfi fiye da dā. Amma in na je gaban farar ƙwaryar nan, sai abin da na gani nake dannawa.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga sunan Yesu. Amin.