Ragowar Irin Dawa

A tashar Birnin Gwari, wani dattijo rungume da ƙullin irin dawa ya miƙa wa wata budurwa wayarsa.

"'Yata, duba min. A guruf an ce a jiƙa iri a kananzir, tsutsa ba za ta taɓa shi ba."

"Baba, bari manhajar AI ta tantance mana... Ta ce ƙarya ce, kananzir kashe iri yake yi."

"Ita ta taɓa riƙe fartanya?"

"Wanda ya turo saƙon ya taɓa?"

Ya yi murmushi, ya lumshe ido. "Shekara huɗu ban taka gonata a Kakangi ba. Kullum ina mafarkinta, dawa har bakin daji. Wannan ne ragowar irin mahaifina."

"To, kananzir ɗin fa?"

"A bar wa fitila. Toka zan sa, yadda shi yake yi."